Gidan Makama a Idon Mai Nazari: Me Marubuci Zai Ɗauko?

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata na kwashi ɗalibaina na aji biyar, su arba'in da 'yan kai, muka tafi Gidan Makama da ke cikin birnin Kano, daura da fadar Sarki ta wajen Ƙofar Kudu. Ba wannan ne zuwana na farko ba, domin tun ina ɗalibi aka taɓa kai mu. Amma wannan karon wata yarinya ta yi mini tambayar da ta hana ni sakat. Muna tsaye a cikin soro, mai yi mana jagora yana ta bayanin sarakuna ɗaya bayan ɗaya, sai ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta ce, "Malam, to su wa suka gina gidan?" Na ce mata ai an faɗa, domin Muhammadu Rumfa aka gina shi. Ta ce, "A'a Malam, waɗanda suka kwaɓa ƙasar nake nufi." Na yi shiru, don ba ni da amsa.

Wannan tambaya ce ta sa na koma ni kaɗai bayan mako biyu, da biro da takarda, na sake zagaya gidan a tsanake. Ni malamin Hausa ne, aikina kullum shi ne koya wa yara fitar da jigo, da zubi da tsari, da salo, da taurari. Sai na ga babu abin da zai hana a auna gidan tarihi da wannan ma'auni, tunda shi ma wani ne ya zaɓi abin da zai sa a ciki, ya jera shi, ya bar wani abin a waje, kamar dai yadda marubuci yake yi. Abin da na gani shi nake son in gabatar wa 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa.

Gidan da Kansa

Abin da aka fi ruwaitowa shi ne an gina wannan gida a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon sarautar Kano. Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma shi ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Gidan Makama ya ci gaba da zama gidan masu riƙe da wannan sarauta. Bayan jihadi sarautar ta koma hannun Joɓawa, kuma Makama yana cikin masu zaɓen Sarki, tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi amfani da gidan na ɗan lokaci. Daga baya aka raba shi, wani sashe ya zama makarantar firamare, wani kuma ya zama gidan tarihi a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

Ni a ganina babu wani kaya da aka ajiye a ciki da ya kai gidan kansa daraja. Da ka sa ƙafa a zaure za ka ji sanyi ya ratsa ka, ko da kuwa a tsakiyar bazara ne, saboda kaurin bango. Ka ɗaga kai ka ga bakan gizo ya taso daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya, an jera azara a tsakaninsu. Azarar nan daga giginya ake tsago ta, an kuwa zaɓe ta ne saboda gara ba ta cika cin ta ba. Bangon na tubali ne da aka mulmula da hannu aka shanya a rana. A da, da makuba ake yaɓe irin wannan gini, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓa ƙasa da shi don kada ruwan sama ya zaizaye ta. A can sama ga zankwaye, ga indararo.

A nan akwai abin lura. Ginin ƙasa ba ya shekara ɗari biyar don kansa. Duk damina sai ta ɗebi rabonta, duk rani sai magina sun dawo sun yi yaɓe, wani lokaci ma a rushe ɗaki a sake tayar da shi. Saboda haka bangon da muke shafawa yau aikin hannuwa ne masu yawa, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Ashe tambayar yarinyar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Waɗanda suka kwaɓa ƙasar zuri'a ce guda, kuma tarihin da muka gada bai riƙe sunan ko mutum ɗaya daga cikin na farkonsu ba.

Zubi da Tsari

An tsara gidan ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki kamar babi ne. Ana farawa da birni da ganuwarsa da ƙofofinsa, a bi ta kan kafuwar sarauta, a gangaro ƙarni na 19, a zo zuwan Turawa. Sannan akwai sassan da suka shafi sana'o'i da kasuwanci, da addini da ilimi, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, har da ɗakin amarya irin na da, da jerensa.

Wannan tsari yana da kyau ga mai koyo, domin yaro zai fita da sanin abin da ya riga wani. Ya san Dala da Barbushe sun riga Bagauda, wanda littafin Tarihin Kano ya sa farkon sarautarsa a wajen shekarar 999. Ya san a zamanin Gijimasu aka fara ganuwa, a zamanin Yaji Wangarawa suka zo, a zamanin Rumfa aka kafa Kasuwar Kurmi kuma Shehu Magili ya sauka a Kano ya rubuta wa sarki littafi kan yadda ake mulki. Ya san Alwali ne sarkin Haɓe na ƙarshe, Sulaimanu ne na farko bayan jihadi, Ibrahim Dabo ya gaje shi a 1819. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da yaro zai gama sakandare bai san wanda ya riga wani tsakanin Rumfa da Dabo ba.

Babin da ya fi kama zuciya shi ne na tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da aka ajiye. Ga su nan manya, da ƙarfe a jikinsu, sun yi baƙi saboda daɗewa. Wanda ya tsaya gaban ƙyauren Ƙofar Kabuga, ya tuna ta nan sojojin Kanar Morland suka shiga birni ranar 3 ga Fabrairu 1903, ba ya bukatar dogon sharhi. Sarki Alu ba ya gari a ranar, ya tafi Sakkwato da yawancin mayaƙansa. A kan hanyar dawowa labari ya iske su. Waziri Ahmadu ya rasu a gumurzun Kwatarkwashi, Alu kuma aka kama shi, aka tsare shi har ya rasu a Lakwaja a 1926, Turawa suka naɗa ɗan'uwansa Abbas. Yau da an rushe wasu ƙofofin an sake gina su da siminti, ganuwa kuma gine-gine da kududdufai sun cinye mafi yawanta, waɗannan ƙyamare suna cikin 'yan shaidun da suka rage. Ko don su kaɗai ziyarar ta biya.

Jigo da Taurari

To, a nan ne gizo ke saƙar. In aka tambaye ni jigon wannan littafi, sai in ce sarauta. Taurarinsa kuwa sarakuna ne da hakimai da jarumai. Wannan ba laifin wani ba ne. Gida ne na sarauta, kuma babbar madogarar tarihin Kano ta dā, wato littafin da Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, a kan jerin sarakuna aka gina shi: wane ya hau, ya yi shekara kaza, ya yaƙi gari kaza, ya rasu. Haka shi ma Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da sarakuna yake auna zamani. Kayan da ke jure wa shekaru ma na masu hali ne. Sulke da kwalkwali da takobi suna daɗewa, amma tsumman talaka da bukkarsa damina biyu ta ishe su.

Sai dai mai nazari ba ya tsayawa a kan abin da littafi ya faɗa, yana duba abin da ya yi shiru a kai. Bari in kawo mutum uku da na nema a zuciyata yayin da nake zagayawa.

Na farko shi ne bawa. Kowa ya san Kano ta ƙarni na 19 ta tsaya da ƙafafunta ne a kan noma da saƙa da rini da fatauci, kuma kowa ya san bayi suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan arziki. Akwai gandayen sarki da na attajirai a kewayen birni, irin su Fanisau, inda bayi ke noma. Akwai kuma bayin sarki masu ƙarfin faɗa a ji, irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama. Ba a soke bauta gaba ɗaya a dokance a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936, wato kakannin wasunmu sun ga abin da idonsu. Mutum zai iya duban mari ko sarƙa a cikin gidan tarihi, amma ƙarfe ba zai gaya masa yadda uwa ta ji ranar da aka raba ta da ɗanta a kasuwa ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya taɓo wannan ciwo a Shaihu Umar tun gasar rubutu ta 1933. Fiye da shekara casa'in ke nan, amma kaɗan ne daga cikinmu suka sake bi ta wannan hanya.

Ta biyu ita ce mace. Ɗakin amarya yana burge 'yan mata ƙwarai, na ga yadda ɗalibaina suka yi cincirindo a bakinsa suna dariya, suna cewa irin na kakarsu ne. Amma in yarinya ta fita da tunanin cewa rabon mace a tarihin Kano bai wuce gado da jeren kwalla da tasa ba, an yi asara. Shi kansa littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Madaki Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi ɗan Rumfa, wadda ta tsaya ta kare gadon sarautar ɗanta lokacin da ba ya gari, kuma ta yi tasiri har zamanin jikanta Kisoki. Ban da ita, ina matan da suka yi kaɗi? Baturen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya yi mamakin yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Kowane ƙyalle daga cikinsu da zare aka saƙa shi, zaren kuwa mace ce ta zauna da mazari da alli ta kaɗa shi. Ana yabon masaƙi da marini da falke, ita kuwa an bar ta a bayan labule.

Na uku shi ne talakan ƙauye. A sashen da ya shafi basasar 1893 zuwa 1895 za ka ji sunayen manya: rasuwar Sarki Bello, naɗin ɗansa Tukur daga Sakkwato, ficewar Yusufu da 'yan'uwansa zuwa Takai, rasuwar Yusufu, Alu ya karɓi jagoranci, aka ci birni, Tukur ya gamu da ajalinsa a Tafashiya. Duk gaskiya ne. Amma yaƙin nan a gonakin wasu aka yi shi, rumbunan wasu aka ƙone, 'ya'yan wasu aka kama. Haka nan hotunan dalar gyaɗa, suna da ban sha'awa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa. Amma kowane buhu a dalar nan gumin wani manomi ne da ke neman kuɗin haraji, kuma bayan buɗewar cinikin da kaɗan aka yi yunwar Kakalaba, a 1913 zuwa 1914. Hoto ya ɗauki buhunan, bai ɗauki manomin ba.

Ba ina cewa a kwashe hotunan sarakuna ba ne. Wanda ya ce zai ba da labarin Kano ba tare da Rumfa da Dabo da Abdullahi Bayero ba, ya yi aikin banza. Abin da nake cewa shi ne rabin labari ne, kuma gidan tarihi, kowane iri ne, kaya yake iya ajiyewa. Sa wa kayan nan baki su yi magana aikin wani ne daban.

Ina Marubuta?

Wannan wani dabam ɗin kuwa mu ne. Kuma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, mun yi sakaci. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 aka yi ambaliyar littattafai a Kano, yau kuma rubutun ya koma cikin waya, marubuta sun ninka. Na soyayya sun yi yawa, ban kuma ga laifin haka ba. Masu rubuta labaran yaƙi su ma suna da yawa, amma ina suke kai mu? Birnin Sin, ko Misra, ko Bagadaza, ko wata ƙasar da babu ita, inda jarumi ɗaya zai kashe dubu da sara ɗaya, aljani ya ɗauke gimbiya. Alhali ga basasar Kano a ƙofar gidanmu, yaƙin da 'yan'uwa suka zare wa juna takobi, wa yana bayan Tukur, ƙane yana bayan Yusufu. Wane tashin hankali marubuci yake nema da ya wuce wannan? Hausawa sun ce abincin wani gubar wani, amma mu namu abincin muka bari muna lasar kwanon maƙwabta.

'Yan kaɗan da suke gwada rubutun tarihi kuma, da yawansu ba sa bincike. Wani matashi ya taɓa kawo mini rubutunsa in duba masa, labari ne mai daɗi da ya ce a zamanin Rumfa ya faru. A shafi na uku sai ga uwargida ta tuƙa tuwon masara da miyar tumatir, maigida ya ci ya kora da shayi, ya ciro kuɗi ya ba yaro ya sayo masa taba. Na ce masa, "Ɗana, zauna mu yi lissafi." Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono da taba duk daga nahiyar Amurka suka fito, Turawa kuwa ba su fara zirga-zirga can ba sai daga 1492, shekara bakwai kafin rasuwar Rumfa. Shayi baƙo ne na baya-bayan nan. Kuɗin wuri ma, in ji littafin Tarihin Kano, sai a zamanin Sarki Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, suka shigo ƙasar Hausa. Abin da mutanen Rumfa suka sani shi ne gero da dawa da wake da gujiya, da miyar kuka ko kuɓewa da daddawa, yajinsu kuma masoro da kimba. Yaron ya ce ai ƙagaggen labari ne. Na ce haka ne, amma mai karatu ya yarda ka ƙaga masa mutane, bai yarda ka ƙaga masa zamani ba. Da zarar ya kama ka da ƙarya a tukunyar miya, ba zai ƙara yarda da kai a fagen fama ba.

A nan ne amfanin gidan tarihi yake ga marubuci. Wanda ya tsaya gaban lifidi ya ga kaurinsa, zai san nauyin da doki ke ɗauka, ya san barde ba zai yini yana sukuwa a cikin rana ba. Zai kuma so ya san cewa ana danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga zamanin Kananeji, kakaki da figini kuma ga zamanin Rumfa, saboda haka ba zai sa a busa wa Bagauda kakaki ba. Wanda ya bi ta zaure ya shiga soro ya karkata ya sake karkata, zai gane cewa a gidan sarauta baƙo ba ya hango cikin gida, kuma saƙo ba ya isa wurin mata sai ta hannun jakadiya. Daga wannan kaɗai za a iya ƙulla labari, domin wanda ke riƙe da hanyar saƙo yana riƙe da asirin gida. Irin waɗannan abubuwa ba a samun su a zaune a ɗaki.

Akwai kuma ribar harshe. Na gwada ɗalibaina da kalmomi goma da na tsinta a gidan: azara, zanko, indararo, lifidi, kwalkwali, mazari, taskira, akushi, figini, ƙyaure. Babu wanda ya san fiye da huɗu. Kalmar da aka daina furtawa a gida, aka kuma daina rubutawa a littafi, kabarinta kawai ya rage. Gidan tarihi ya adana abin, mu ya kamata mu adana sunansa.

Shawara

Ga ɗan'uwa mai tasowa da ke son gwada wannan fage, ga abin da na ga ya dace. Ka je gidan kai kaɗai, kada ka tsaya ga zuwan rukuni, domin hayaniya ba ta barin mutum ya yi tunani. Ka zaɓi abu ɗaya, ko ƙyaure ne ko randa ko takobi, ka yi masa tambaya uku: wa ya yi shi, wa ya yi amfani da shi, wa ya sha wahala a dalilinsa? Ka yi hira da ma'aikatan gidan, da yawansu sun san abin da ba a rubuta a bango ba. Daga nan ka fita ka cika labarin a waje: ka hau Dala, ka shiga Kurmi, ka tsaya a marinar Ƙofar Mata, ka leƙa Gidan Ɗan Hausa inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, ka je gidan Malam Aminu Kano a Gwammaja don ka ji labarin ta bakin talakawa. Sama da duka, ka zauna da tsofaffin gidanku tun suna da rai, domin duk tsohuwar da ta rasu ta tafi da ɗaki guda na gidan tarihi wanda ba za a sake buɗewa ba.

Wanda ba ya Kano kuma ba shi da uzuri. Katsina tana da gidan tarihinta, Sakkwato tana da nata, haka Damagaram. Kowa ya fara da na garinsu.

Ga ƙungiyarmu kuwa, ina ba da shawarar a riƙa kai zaman karatu irin waɗannan wurare ko sau ɗaya a shekara, a kuma ware wani rukuni na labarin tarihi a gasannin da ake shiryawa, da sharaɗin mai shiga ya nuna ya yi bincike.

Kammalawa

In zan ba Gidan Makama maki kamar yadda nake ba ɗalibai, zan ce zubi da tsarinsa ya yi, salonsa, wato ginin kansa, ya fi ƙarfin yabo, jigonsa a fili yake, amma taurarinsa ba su cika ba. Cikon kuwa yana wuyanmu. Da na koma aji na gaya wa yarinyar nan cewa har yanzu ban samo mata sunan maginin ba, kuma da wuya a samo shi. Sai na ba ajin duka aikin gida: kowa ya rubuta shafi biyu da bakin mutumin da ya kwaɓa ƙasar Gidan Makama. Ita ta rubuta shafi shida, ta sa masa suna, ta ba shi mata da 'ya'ya, har da ciwon baya. Da na zo dubawa, abu ɗaya na gyara mata: ta ba shi rogo ya karya kumallo.

Allah Ya sa mu dace.